Yadda mai aikin basira zai tsara hutunsa, mataki bayan mataki

Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka sauko daga Sallah saƙo iri ɗaya ke ta shigo mini, daga teloli, masu surfani, masu montaj wato haɗa bidiyon biki, 'yan situdiyo, masu zanen lalle, har da wata baiwar Allah mai rubuta labari a waya daga Kusiri, kowa da yadda ya faɗi tasa amma maganar guda ce: kai ya toshe, hannu na aiki amma sabon abu ya ƙi fitowa, to yaya mutum zai huta alhali in ya rufe shago yau babu cefanen gobe? Amsa ɗaya-ɗaya ta yi mini yawa shi ya sa na zauna na jera abin a nan. Ni aikina zane ne a kwamfuta da montaj a nan Garwa ta Kamaru, layinmu kuma kusan duk teloli ne, don haka misalan za su fi karkata can, amma baduku a Marwa ko mawaƙi a Njamena zai iya ɗauka ya gwada a kan nasa aikin.

Hutu dai ba ya zuwa da kansa ranar da aiki ya ƙare, don irin aikinmu ba ya ƙarewa, kana miƙa wannan wani na shigowa. Sai an rubuta masa rana da lokaci, an ware masa kuɗinsa. Kuma dan Allah a bi matakan a jere, wanda ya tsallake na 2 ya faɗa na 8 ba zai yi sati biyu ba zai koma gidan jiya.

Kayan da ake buƙata ba su da yawa: kaye ɗaya, wato littafin rubutu, irin na 'yan makaranta da biro, agogo mai ƙararrawa (waya ma ta isa, amma ƙaramar nan mai madanni ta fi, za ku ga dalili a gaba), gidan sauro, gorar ruwa, sai tabarma a shago. Gidan sauron ma sau da yawa kyauta ake rabawa.

1. Sati ɗaya na rubutu kawai

Kada ka canza komai tukuna. Ka ci gaba da rayuwarka yadda take, amma kowane dare kafin ka kwanta ka rubuta abu 5 a kaye: ƙarfe nawa ka kwanta jiya, ƙarfe nawa ka tashi, kofin shayi ko kofi nawa ka sha da goro nawa ka ci kuma a wane lokaci, wane lokaci ne aiki ya tafi maka sumul, sannan wane lokaci ka yi kuskure, wato ka yanka yadi ba daidai ba ko ka rubuta sunan amarya da harafi a juye ko ka goge fayil.

Ƙarshen sati za ka ga abin da kanka. Yawancin mutane kuskurensu na taruwa a wuri biyu, tsakar rana in zafi ya yi zafi da kuma bayan ƙarfe 10 na dare. Kuma za ka gane irin gajiyar da ke damunka, don ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta jiki, baya da wuya da kafaɗa. Akwai ta ido ko kunne. Sai ta kai, wadda jiki lafiya lau amma in aka ce ka fito da sabon salo sai ka tsinci kanka kana maimaita na bara. Maganinsu daban-daban ne, mai ciwon baya ba barcin rana yake buƙata ba, wanda kuma kansa ya toshe tausa ba za ta yi masa komai ba.

Gargaɗi: in kasalar tana tafe da zazzaɓi, ciwon kai, ɗacin baki ko ciwon gaɓoɓi, musamman da damina, ajiye kayen ka je a yi maka gwajin palu. Mutane da yawa suna cewa gajiyar aiki ce alhali zazzaɓin cizon sauro ne.

2. Rage alkawari kafin ka nemi hutu

Nan ne asalin matsalar, kuma nan zan fi daɗewa. Ba aiki ne ke hana mu barci ba, alkawarin da muka ɗauka ne. Alkawari kuwa kaya ne. Tela ya karɓi ɗinki 60 alhali ƙarfinsa na 40 ne, to ragowar 20 ɗin nan daga cikin barcinsa za a cire su, babu wani wurin.

Ga yadda ake lissafin. Duba kayenka ka ga nawa kake gamawa a rana ɗaya ba tare da kwana a shago ba, kuma aikin ya fito yadda kai kanka za ka yaba. A ce riga 2 ce. Kwana 6 a sati, riga 12 ke nan. Kada ka karɓi 12, karɓi 10. Gurbin biyun nan na ranar da aka ɗauke kuran ne, wato wutar lantarki, da ranar da keke ya lalace, da ranar jana'iza ko suna, da kiliyan, wato mai kawo aiki, da zai dawo a rage masa hannun riga. Ba a taɓa yin satin da ɗaya daga cikin waɗannan bai faru ba. Mai montaj ma haka zai yi, in bidiyon biki ɗaya na cin kwana 3 to biyu ne ƙarfinsa a sati, kuma ko biyun ma in akwai ɗaukar hoto ranar Asabar sai a sake dubawa.

Sai ka buɗe shafi ka ja layi ka rubuta ranakun wata, kowane aiki ka karɓa ka sa shi a ranarsa nan take a gaban mai shi. Kafin ka sa aikin kowa, fara cike ranakun hutunka da jan biro. In azumi ya kusa ka ƙirga baya daga ranar Sallah, ka cire kwana 3 na ƙarshe gaba ɗaya don guga da gyare-gyare, abin da ya rage ka ninka da ƙarfinka na rana, wannan adadin shi ne iyakar abin da za ka karɓa. Ya cika ka rufe karɓa.

Na san inda yake da wuya shi ne baki. Hajiya ta shigo da shadda mai tsada, ga ta ƙawar mamanka ce, ta ce ɗana ai kai ne nawa. Abin da na ga yana aiki shi ne ka buɗe mata kayen ta gani da idonta, ka ce: "Hajiya ki duba, wallahi ko'ina ya cika har jajibiri. In na karɓa zan ɓata miki yadi ko in ba ki kunya ranar Sallah. In za ki iya jira zuwa sati guda bayan Sallah zan zauna in yi miki na natsuwa, in kuma na Sallar ne dole bari in haɗa ki da wane, hannunsa na da kyau." Za ta ɗan ji haushi a ranar, amma bai kai haushin wadda ta zo daren Sallah ta tarar da yadinta a ninke ba. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Gargaɗi: kada ka karɓi abans, wato kafin alƙalami, na aikin da ba ka ba shi rana ba. Da zarar ka ci kuɗin ka zama bawan aikin, ba ka da bakin cewa a'a kuma.

Ga masu cewa ai mu mun saba, jiki ya riga ya horu: a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto cewa aikin awa 55 ko fiye a sati ya yi sanadin mutuwar mutum kusan 745,000 a shekarar 2016 ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya, kuma haɗarin shanyewar ɓarin jiki na ƙaruwa da kashi 35 cikin 100 in aka gwada da mai yin awa 35 zuwa 40. Yanzu ka lissafa shagon da ake buɗewa 8 na safe a rufe 10 na dare kwana 6, awa 84 ke nan.

3. Tsayar da lokacin kwanciya

Baligi na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9 a dare, ƙasa da 7 kullum bashi ne ake tarawa. Mu lokacin tashinmu a tsaye yake tunda ga asuba, a nan Garwa wajen biyar saura ake kira, ɗan gaba ko ɗan baya gwargwadon lokacin shekara. Toh sai a ƙirga baya. Mai tashi 5 saura kwata in yana son awa 7 dole 10 saura kwata ta same shi a kan gado. Isha kuwa kafin 8 an idar, ka ga akwai wajen awa biyu na cin abinci da hira da iyali.

Kada ka ce yau ɗin nan za ka dawo daga ƙarfe 1 zuwa 10, za ka kwanta ne ido biyu kana juyi har ka yanke cewa abin ba naka ba ne. Ja baya da minti 20 ko 30 duk bayan kwana biyu-uku har ka iso.

Saita ƙararrawa ta dare, wannan ta fi ta safe muhimmanci. Ƙarfe 9 in ta buga ka sa babbar waya a caji nesa da shimfiɗa, in da hali a wani ɗakin, ka bar ƙaramar kusa don kiran gaggawa da tashin asuba. Kiliyan da ke turo murya a WhatsApp 11 na dare yana tambayar ko an gama, amsarsa za ta kai safe. Ka faɗa musu tun ranar karɓar aiki cewa bayan 9 ba ka duba saƙo, da sun saba shi ke nan.

Maganar zafi kuma, don a watan Maris da Afrilu nan arewa ana haura digiri 40 kuma ɗakin kwano ba ya hucewa sai tsakar dare. A yayyafa wa tsakar gida ruwa da magariba, a watsa ruwa a jiki kafin kwanciya, in tsaron unguwa ya ba da dama a kwana a waje cikin gidan sauro, in kuma ɗaki ne a jiƙa zane a rataya ta wajen taga ko gaban fanka. 'Yan Ngaundare kam Allah ya hutar da su wannan, garinsu na kan tudu.

Gargaɗi ga masu jiran kuran ya dawo su yi aikin dare: na san wani lokaci babu yadda za a yi. Amma a sani cewa bincike ya nuna wanda ya yi awa 17 zuwa 19 ido biyu, lurarsa da saurin hannunsa na raguwa kamar na wanda ya ɗan sha abin maye. Wanda ya tashi 5 na asuba, 10 na dare ya cika awa 17. Don haka in dole ne aikin dare to a yi mai sauƙi, ɗinkin miƙe, guga, kwafe fayil. Yanka yadi mai tsada, rubuta sunaye a katin gayyata, da hawa moto zuwa nesa, a bar su sai safe.

4. Shayi, goro da ƙwaya

Ba zan ce a bar shayi ba don na san ba za a bari ba, ni ma ina sha. Lokacinsa kawai za a gyara. Sinadarin da ke hana barci a shayi da kofi da goro da lemukan ƙara kuzari, wato kafeyin, yana ɗaukar wajen awa 5 kafin rabinsa ya fita daga jiki. Ka sha mai kauri ƙarfe 8 na dare, ƙarfe 1 rabinsa na nan yana yawo a jininka. Ko da barcin ya ɗauke ka ba ya nauyi, ka tashi kamar ba ka kwanta ba, sai ka nemi wani shayin, haka abin ke zagayawa. Ka'ida mai sauƙin riƙewa: na ƙarshe da la'asar. A majalisar dare ka sha na citta da kanumfari ko lemun tsami wanda babu ganyen shayi ciki, ko zoɓo, hira ba za ta ragu ba.

In kana sha da yawa kada ka yanke lokaci guda, ciwon kai zai kama ka kwana biyu-uku. Rage kofi ɗaya-ɗaya.

Gargaɗi babba, kuma wannan da gaske nake roƙo: tramol. Kowa ya san yadda ta shiga cikin matasa a nan, kuma ta shigo shagunan ɗinki da situdiyo musamman goman ƙarshe na azumi. Maganin ciwo ne mai ƙarfi, ba ta ƙara basira ko kaɗan, rufe maka jin gajiyar kawai take yi, tana kama mutum ya kasa bari, tana jawo farfaɗiya, in ta yi yawa tana danne numfashi. Maigida in ka ga yaron shagonka na kwana uku ba barci ido jawur ka zaunar da shi ka tambaye shi cikin mutunci. Wanda kuma ya riga ya saba kada ya yanke shi kaɗai a ɗaki, ya ga likita a rage masa a hankali.

5. Raba yini gida uku

Koma kayenka ka ga lokacin da aiki ya fi tafiya sumul. Ga mafi yawanmu daga bayan asuba ne zuwa wajen 11, kafin rana ta yi tsaka kuma kafin mutane su fara shigowa. Wannan lokacin na aikin kai ne: fitar da sabon zanen wuyan riga, yanka, rubuta baiti, tsara yadda bidiyo zai fara da yadda zai ƙare. Kada ka ɓata shi a amsa saƙo ko zuwa kasuwa sayen zare. Daga 11 zuwa azahar karɓar baƙi da awo da ciniki. Bayan la'asar aikin hannu wanda ba ya son dogon tunani.

Tsakanin azahar da la'asar kuwa ƙailula, wadda dama sunna ce kuma iyayenmu ba sa wasa da ita. Bayan ka ci abinci ka shimfiɗa tabarma, ka saita ƙararrawa minti 25, ka rufe ido da hula ko ɗankwali. Ko barci bai zo ba ka kwanta ɗin. Sati na farko sau da yawa ba ya zuwa, daga baya jiki zai koya.

Gargaɗi: kada ta wuce rabin awa, in ka zarce ka shiga barci mai nauyi za ka tashi kai kamar an ɗora maka dutse, kuma na dare zai gudu. Sai dai da azumi, tunda tarawi da sahur sun gutsure daren, a nan kam in ka samu awa ɗaya da rabi da rana ka yi, don zagayen barci ɗaya kusan minti 90 ne.

6. Ƙananan hutu a cikin aiki

Wannan ba ya cin ko dala. Ido: duk minti 20 ka ɗaga kai ka kalli abu mai nisan mita 6 ko fiye, bishiyar ƙofar shago ko ƙarshen layi, na daƙiƙa 20, ka kuma ƙyafta ido da gangan don mai kallon allo ko bakin allura ƙyaftawarsa na raguwa, da hunturu ga ƙura ga bushewa abin ya fi tsanani. Masu surfani da ɗinkin hula ku zauna inda haske ke faɗowa kan aikin daga gefe, kada a yi baƙin zare kan baƙin yadi da fitilar waya.

Baya da wuya: duk minti 45 zuwa awa ɗaya ka miƙe tsaye, ka juya kafaɗu, ka buɗe yatsu ka dunƙule, ka sha ruwa. Ajiye gorar ruwan nesa da kujera da gangan don ta tilasta maka tashi. Fitsari in ya yi ja sosai ruwa bai isa ba. Masu lalle ku ne kuka fi kowa sunkuyo, a ɗora ƙafar amarya kan kujera ko matashi maimakon ke ki durƙusa awa uku, kuma tsakanin hannu da ƙafa ki tashi ki zaga.

Kunne: 'yan situdiyo da masu montaj, kada ƙarar abin kunne ta wuce kashi 60 cikin 100, kuma duk awa a cire shi minti 10. Kunnen da ya gaji ƙarya yake yi maka, za ka yi ta ƙara sauti kana jin bai isa ba, gobe ka saurara ka ji ya yi tsini. In ka cire ka ji ƙara tsiii a kunne, an wuce gona da iri, kuma jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa.

In kuma tunani ne ya tsaya cak, ka gwada ta nan ka gwada ta can ya ƙi, kada ka ɗauki waya. Tashi ka yi tafiyar ƙafa minti 10 ko 15, ko zuwa masallaci mai ɗan nisa ne. Wani bincike na jami'ar Stanford a Amurka a 2014 ya gano cewa mutane na fito da sababbin dabaru fiye da kima yayin tafiya in aka gwada da zama, ƙarin ya kai wajen kashi 60 cikin 100. Ka sa ƙaramar takarda a aljihu don abin kan faɗo ne a hanya.

7. Bar aiki ya kwana

Duk aikin da ka gama yau kada ka miƙa shi yau. Rataye rigar, rufe fayil ɗin, ajiye waƙar, gobe bayan asuba ka duba da sabon ido kafin ka kira mai shi. A nan za ka ga aljihun da ya karkace, da harafin da ya faɗi a sunan ango, da baitin da bai zauna ba. Shi ya sa tun a mataki na 2 ranar da za ka faɗa wa kiliyan ta zama kwana ɗaya bayan ranar da kai ka sa za ka gama.

Haka in abu ya cije maka da yamma. Kafin ka tashi rubuta matsalar a kaye da layi ɗaya, misali "kalar zaren da zai hau shuɗin nan" ko "yadda zan haɗa shigowar amarya da kiɗan", ka rufe ka tafi gida. Ba camfi ba ne, a 2004 masu bincike a jami'ar Lubek ta Jamus sun ba mutane wani aikin lissafi mai ɓoyayyiyar gajeriyar hanya, cikin waɗanda suka yi barcin awa 8 kafin su sake gwadawa kusan kashi 60 cikin 100 sun gano hanyar, waɗanda ba su yi barci ba kuwa ba su kai kashi 25 ba.

Wata dabara kuma, kada ka tashi daga aiki a inda ya ƙare ƙaf. Tsaya a inda ka san abin da za ka yi gaba, ka rubuta shi, gobe kana zama hannu zai kama.

8. Rana ɗaya a sati, da kuɗinta

Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ce ma'aikaci na da hutun aƙalla awa 24 a jere kowane sati. Mu masu aikin kanmu babu mai ba mu sai mun ba kanmu, kuma mai yara a shago su ma haƙƙinsu ne, ɗan koyo ba inji ba ne. Zaɓi ranar da ciniki ya fi sanyi a naka aikin. Tela Juma'a ko Lahadi, mai ɗaukar biki da mai lalle kuwa ƙarshen sati ne kasuwarsu don haka Litinin ko Talata. Rana ɗaya tsayayya, kowa ya san ta, a rubuta a ƙofar shago.

Kuɗin fa? A ce kana samun sefa 6,000 a rana. Cire 1,000 kullum kwana 6, ranar hutu kana da 6,000 na cefane. Na san wannan ba sabon kuɗi ba ne, naka ne ka jinkirta, amma shi ke hana ka buɗe shago ranar saboda babu na miya. A sa shi a asusu ko wajen uwargida ko adashen sati, kada a bar shi a asusun waya na Orange Money ko MoMo ɗin da kake sayen kati da shi don zai zube ba ka sani ba. Sabon kuɗin kuma daga wuri biyu zai fito: ɗan ƙari kan farashi tunda aikinka ya fi tsabta yanzu, da kuɗin gaggawa. Duk mai son a tsallake layi a yi masa cikin kwana biyu ya biya ƙari, rabin kuɗin aikin ko abin da ka ga ya dace, ka faɗa tun farko. Za ka sha mamakin yawan gaggawar da ke zama ba gaggawa ba in an ambaci kuɗi.

In rana sukutum ta yi maka nauyi fara da rabin yini wata ɗaya.

Gargaɗi: kwanciya da waya kana kallon aikin wasu a TikTok da Instagram ba hutu ba ne, ido na aiki, zuciya kuma na auna kanta da mutane, ka tashi ka fi da gajiya. Je ka zumunci, zauna da tsofaffi, sauka bakin kogin Binuwai da yamma, buga ƙwallo, zaga kasuwa ka kalli kaya ba da niyyar saye ba. 'Yan'uwa mata kuma, in ranar hutun ta koma ranar wanki da daka to ba a yi komai ba. A yi magana da maigida da mutanen gida a samu ko awa 4 da wani zai riƙe yara da girki, mazaje kuma dan Allah a taimaka, ita ma sana'a take yi.

9. Bayan babban gungumen aiki

Sallah ko lokacin bukukuwa, duk tsarin da ka yi sai ya ɗan karye, ba laifi, abin da ake so a san yadda za a dawo. Barcin dare ɗaya ba ya biyan bashin sati biyu. Kwana 2 ko 3 na farko shago a rufe, barci da wuri, abinci mai ruwa-ruwa, ban da karɓar aiki ko ta waya. Kwana biyun da ke biye ka je shago amma ba don kiliyan ba: share, zuba wa keke mai, wasa almakashi, kwashe fayiloli zuwa wani wurin ajiya, bi bashin da ke waje. Sannan ka ba kanka yini ɗaya ka yi abin da babu wanda ya sa ka, ƙyallayen da suka rage ka gwada wani salo da su, ka rera abin da ba na sayarwa ba. Kai kamar rijiya ce da bazara, in an kwashe ta sai an ba ta lokaci ta tsattsafo, mai ci gaba da zura guga laka zai ɗebo.

Gargaɗi: a satin nan kada ka yanke babbar shawara, irin na bar sana'ar nan ko zan sallami yaron nan. Jira ka yi sati kana barci daidai tukuna.

10. Lokacin da hutu bai isa ba

In ka bi matakan nan wata guda babu canji, ko ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, sai asibiti: rashin barci dare 3 ko fiye a sati har wata 3, minshari mai ƙarfi wanda iyali ke cewa numfashinka na tsayawa, yatsu na dindiris ko suna mutuwa da dare, gani na dishi-dishi ko ciwon kai kullum da yamma, yawan ƙishi da fitsari tare da rama. A auna tansiyon, wato hawan jini, da sukari da yawan jini, a duba ido, sau da yawa tabarau kawai ake buƙata. In kuma sati biyu ko fiye zuciya a ƙuntace, abin da kake so da ya fita ranka, ba ka son ganin mutane, ko tunanin cutar da kanka na zuwa, wannan ciwon damuwa ne kuma ana maganinsa, ka faɗa wa wanda ka yarda da shi yau, ku je wajen likita tare, addu'a da magani ba sa karo.

Kada a sayi maganin barci a tebur ko wajen masu yawo da shi a kan moto, wasunsu na kama mutum kamar yadda tramol ke yi kuma ba ka san abin da ke ciki ba. Ciwon ƙirji mai danna, ko baki ya karkace, ko hannu da ƙafa na gefe ɗaya su saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, wannan ba a jira safe ba a kuma tsaya shafa mai, a nemi mota a kai shi asibiti nan take.